Kafin ka je wajen lauya kan maganar sallama daga aiki

Salam 'yan uwa. Shawara ce ga masu aiki a kamfanoni da gidajen mai da injinan casar shinkafa na Birnin Kebbi da Argungu. In aka sallame ka ko aka riƙe maka albashi, abu na farko da lauya zai tambaya shi ne ina takardar ɗaukar aiki? Mu kuma yawanci da baki ake ɗaukarmu, wai ai oga ɗan unguwa ne, to nan ake kwana ciki. Dokar ƙwadago ta ce a ba ƙaramin ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da farawa, ka nema tun kuna dariya da juna. Ka ajiye alat na albashi, da kwairi (takardar tuhuma daga wajen aiki) in an taɓa ba ka, saƙonnin oga na WhatsApp kuma don Allah kar ka goge saboda haushi. Notis ɗin da za a ba ka kafin sallama, in ka yi shekara 2 zuwa ƙasa da 5 kana aikin sati 2 ne, daga shekara 5 zuwa sama wata guda. Irin wannan ƙara kuma kotun ma'aikata ta ƙasa ake kaiwa, ba majistare ba, sai ka nemi lauyan da ya saba da can, ku tsayar da maganar kuɗinsa a rubuce kafin ya taɓa fayil.