Yadda Ake Mayar da Littafin Tatsuniyar Yara Fim ɗin Katun

Kafin ka zana komai, bincika wa ke da haƙƙin littafin. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare rubutu har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. In ba a kai nan ba, sai da izinin marubucin ko magadansa a rubuce.

Shafi ɗaya na rubutun fim yakan ci kusan minti ɗaya, don haka kada ka ce sai littafin duka. Ɗauki babi guda ka yi minti biyar tukuna.

Murya ake fara ɗauka, domin bakin Gizo ko na dodo sautin yake bi. A Legas nan ne aikin yake: makirufo ba ya barin ƙarar janareto da hon ɗin motocin haya na danfo, ko a Agege kake ko a Idi-Araba. Ku ɗauka bayan sallar asuba, a rataya barguna a bango, a kashe fanka ko da zufa za ta sha kan kowa.

Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, amma zane 12 ya wadatar, a nuna kowanne sau biyu. Minti biyar zane 3,600 ke nan. Shi ya sa ake jera zane marar kala a kan muryar a kalla tukuna. Fitowar da ta yi nauyi a yanke ta tun nan.

Manhajojin zanen katun Krita da OpenToonz kyauta ne. Wajen fitar da aiki, sa kwamfuta ta ajiye hotuna ɗaya-ɗaya, ba bidiyo guda ba. In an ɗauke wuta, daga inda ta tsaya za ka ci gaba.