Mai raunin kafaɗa, rage nauyi tukuna

Ɗan'uwa in kafaɗarka na rawa duk sanda ka ɗaga ƙarfe sama, ajiye manyan dambel ɗin nan tukuna.

Ɗauki kilo 1 ko 2 kawai, gorar ruwa ma ta isa. Kwanta ta gefe, lanƙwasa gwiwar hannun da ke sama ka manna ta a haƙarƙari, ka riƙa juyo hannun sama a hankali. Sau 15, zagaye 3, kwana biyu a sati.

Dalili kuwa, akwai ƙananan tsokoki 4 da ke riƙe ƙashin hannu a gurbinsa, ɗaga ƙarfe a kwance kan benci ba ya gina su sosai, gaban kafaɗa ke ta girma bayanta na nan yadda yake, wallahi nan yawancinmu ke samun matsala.

Amma in zafin kamar suka ne, ko kafaɗar ta taɓa gocewa, wannan ba zai yi ba. Je likita ya duba ka.