Yadda ake ba yara labari a darasin Ingilishi

Malaman firamare a Yamai sun yi ta tambaya, to ga matakan.

1. Ku zaɓi gajeren labari, kamar na Gizo da Ƙoƙi, jimla shida zuwa takwas.
2. Ku rubuta umarni uku kacal a allo: "Listen", "Look", "Repeat".
3. Ku haɗa kowanne da alama: hannu a kunne, yatsa a ido, hannu a baki.
4. Ku ɗaga hoto kafin jimla.
5. Ku tsaya inda labarin ya yi daɗi, ku ce "What next?"

Hattara: kada ku fassara kowace jimla da Hausa, Zabarmanci ko Faransanci. Yara za su daina sauraro, su zauna jiran fassara.

6. Ku sa su maimaita labarin biyu-biyu.