Yadda ma'aikaci zai tantance ko ana ba shi haƙƙin da doka ta tanada

Duk wanda ya kama aikin albashi yana da wasu haƙƙoƙi da doka ta ɗora a wuyan wanda ya ɗauke shi, kuma a ƙasashe da dama sharaɗin da ya gaza abin da doka ta tanada ba ya aiki, ko da ma'aikacin ya sa hannu a kansa. Don haka ka fara da samo dokar ƙwadago ta ƙasarka, ka ajiye ta kusa da takardar ɗaukarka aiki, ka riƙa gwada su sashe bayan sashe. Yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka kafa a 1919, ba sa hawa kan ƙasa sai ta amince da su a hukumance, amma ma'auni ne mai kyau na gane inda ake tauye ka.

Lokacin aiki ya fi komai buƙatar sa ido, domin a nan ne ake cin gumin mutum ba tare da ya ankara ba. Yarjejeniya ta 1, ta 1919, ta ƙayyade awa 8 a rana da awa 48 a mako a masana'antu, ta kuma ce ladan kowace awa ta ƙarin lokaci kada ya gaza ladan awa ɗaya da kwata. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta lokacin shigarka da na tashinka kullum. Wanda ake tsarewa awa 2 bayan tashi har kwana 6 ya yi awa 12 ke nan a mako, wato aikin yini ɗaya da rabi, kuma ranar da gardama ta taso wannan littafin ne zai tsaya masa, tunda ba a cika ba maganar baki nauyi ba.

Daga nan ka duba albashinka, ka tabbatar bai gaza mafi ƙarancin albashin ƙasarka ba. Yarjejeniya ta 95, ta 1949, ta ce a biya shi a kan kari, kuma kada a zaftare komai sai yadda doka ko yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ta ba da dama. Ka adana kowace takardar biya.

A fannin hutu, ma'aunin shi ne awa 24 a jere cikin kowane kwana 7, da hutun shekara na aƙalla mako 3 tare da albashi bisa Yarjejeniya ta 132, ta 1970. Ga mata kuwa, Yarjejeniya ta 183, ta 2000, ta tanadi hutun haihuwa na aƙalla mako 14, ta kuma hana korar mace saboda juna biyu, abin da a ganina ya kamata kowace ma'aikaciya ta sani tun kafin buƙatar ta taso.

Idan ka gano an tauye ka, ka rubuta wa shugaban wurin aikinka takarda cikin ladabi, ka ambaci sashen dokar da kwanakin da abin ya faru, ka riƙe kwafi. In ba a gyara ba, ka kai maganar ga wakilin ƙungiyarku ko ofishin ƙwadago, sannan kotun ma'aikata. Kada ka ajiye aiki cikin fushi kafin ka nemi shawara, kuma kada ka yi jinkiri, domin dokoki da yawa suna sa wa'adin shigar da ƙara, wanda idan ya wuce kotu tana iya ƙin sauraronka.