Kai iyali babban otal lokacin annobar korona: kurakuran da na gaji da gani

Jama'a ni fa na gaji. Duk wanda ya zo min da maganar zai kai iyalinsa hutu irin manyan otal ɗin nan masu wurin ninkaya da filin wasan yara ana cikin annoba, tambayarsa ɗaya ce, wane sanitaiza zai saya. Haba dai. Indai alkohol ɗin cikinsa ya kai kashi 60 cikin 100 to jefa a jaka ka wuce, ba a nan matsalarka take ba.

Wanda ya ci ni, wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, shi ne biyan kuɗin ɗaki irin wanda ba a mayarwa in ka fasa, wai don ya fi araha. A Oktoban 2021 na kama ɗakin otal na kwana shida na Disamba, ni da uwargida da yara uku, lokacin kowa na cewa ai korona ta lafa. Sai ga Omicron, sabon nau'in korona, a ƙarshen Nuwamba, cikin 'yan kwanaki ƙasashe suka shiga rufe ƙofa suna sauya dokar gwaji kamar ana sauya riga. Uwargida ta ce Baban yara mu haƙura mana, na ce kuɗin fa? Kun ji inda na yanke wa kaina. Garin neman ƙiba na samo rama.

Mun je, mun yi kwana huɗu lafiya lau, aka zo gwajin korona na PCR na komawa gida, sai na yarinyarmu ta tsakiya ya nuna tana da shi, ita ko tari ba ta yi, tana ta tsalle-tsallenta. Dokar wurin a lokacin kwana 10 a killace. Sai a ranar na san cewa ƙarin kwanakin ba da rangwamen da na samu za a lissafa min ba, farashin ranar ne, ga shi dole mu kama ɗaki na biyu don a raba ta da 'yan'uwanta, ga sauya tikitin mutum biyar, ga inshorar da na saya ina ta alfahari da ita ashe asibiti kawai take biya, babu ruwanta da zaman killacewa, kuma an rubuta ɓaro-ɓaro a takardar ni ne ban karanta ba. Wallahi abin da na kashe a kwanakin nan ya ninka abin da nake tsoron asara.

Tun daga nan ɗabi'ata ɗaya. Ɗakin da za a iya fasawa nake biya ko da ya fi tsada. Kafin in biya ina tura wa otal ɗin imel, ba waya ba, don maganar baki ba ta da shaida: in ɗayanmu ya kamu za ku bar mu mu zauna, a wane farashi, wa zai kawo mana abinci ƙofa? Wanda ya yi min kwana-kwana a amsa na bar shi. Kuma ba na tashi sai ina da abin da zai riƙe mu kwana 14 bayan ranar dawowa, har da maganin duk mai shan magani kullum. Wasu na cewa na cika tsoro. To.

Kuskure na biyun kuma ku nake yi wa faɗa, don na gani da idona, ni ma na yi. Mutum ya shiga ɗaki ya kwashe awa guda yana goge rimot, yana goge hannun ƙofa, yana fesa filo, sannan da safe ya kwashi 'ya'yansa ya kai su zauren cin abinci daidai lokacin da kowa ya sauko, ɗaki a rufe, jama'a cunkus, kowa ya cire takunkumi tunda ci ake, su zauna minti arba'in ana hira da ihun yara. Me ka yi kenan? Cutar nan ta iska ta fi yaɗuwa, a rufaffen wuri mai cunkoso, ba a jikin rimot take jiranka ba. Ni ko ana buɗe zauren nake zuwa ko dab da rufewa, in akwai tebur a waje can muke zama ko da rana, in babu mu ɗauko mu ci a baranda. Wasannin dare da ake yi a rufaffen zaure na yafe. Ɗakin renon yara da ake tara su a kulle da esi shi ma na yafe, don har gobe shi nake zargi a kan yarinyata, ko da yake uwarta ta ce lif ne.

Lif ɗin ma, ka roƙi a ba ka bene na ɗaya ko na biyu ka riƙa hawa da ƙafa. Ruwan ninkaya mai kulorin ba shi ne abin tsoro ba, ɗakin sauya kaya ne, ku shirya tun daga ɗakinku. Lokacin da ake dokar gwaji cikin awa 72 kafin tafiya, wurare da yawa daga lokacin da aka ɗauki samfur suka riƙa ƙirgawa, ba lokacin da sakamako ya fito ba. Kar ka ɗauka duk abin da ka gani a hoto a buɗe yake, tambaya. Yaro ɗan ƙasa da shekara 2 ba a sa masa takunkumi, ku daina. Kuma don Allah ku daina huce haushi a kan masu gyaran ɗaki don ba su zo kullum ba, in ana cikin annoba rabinsu ma wataƙila suna gida a killace, ka nemi tawul a ajiye maka a ƙofa.

Sai abin wasan yara. Mu da caja ɗaya da littafin zane ɗaya muka shiga kwana 10 ɗin nan, a rana ta uku ƙaramin ya fara zana bangon otal, shi ma sai da na biya.