Manhajojin Rubuta Bincike Kyauta: Shawara ga Ƙannenmu Masu Tafiya Karatu Waje

Ƙannena da ke barin Ringim da Gumel da ƙauyukan kewayen Haɗeja zuwa karatun digiri na biyu ko na uku a ƙasar waje, akwai abin da ba a cika tunawa da shi ba lokacin haɗa kaya, wato manhajar da za ku rubuta kundin bincikenku da ita. Yawancinmu kwamfutar da muke tafiya da ita an zuba mata manhajoji ne a wani shago a birni ba tare da lasisi ba, alhali a jami'o'in can amfani da irin waɗannan saɓa wa ƙa'ida ne, ga kuma haɗarin cutar kwamfuta da kan lalata aikin shekara guda.

Da zarar an ba ku adireshin imel na makaranta, ku tambayi ɗakin karatu, domin jami'o'i da yawa suna ba ɗalibansu Microsoft Word ba tare da biyan ko kwabo ba. Ku karɓa, amma ku sani kayan aro ba ya rufe katara, domin bayan kammala karatu lasisin yakan tsaya. Saboda haka ku sauke LibreOffice, wadda aka fara a 2010, kyauta ce, tana buɗe takardun Word, kuma ba ta buƙatar intanet.

Abin da na fi so ku riƙa da hannu biyu shi ne Zotero, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar George Mason ta Amurka a 2006. Aikinta shi ne adana bayanin kowane littafi ko muƙala da kuka karanta, da sunan marubuci da shekara da mujalla, sannan idan kuna rubutu a Word ko LibreOffice ta saka muku madogara a wurin da ya dace, ta kuma jera manazarta a ƙarshe. Idan mai duba aikinku ya ce a sauya tsarin rubuta madogara daga na APA zuwa na Chicago, aikin da a da kan cinye dare biyu sai ya ƙare cikin minti ɗaya. Tana ba da megabayit 300 na ajiya a intanet kyauta, sauran kuwa yana zaune a kwamfutarku. Ku fara da ita tun makon farko. Wanda ya jira sai babi na huɗu zai sha wahalar neman inda ya samo kowace magana.

Masu lissafi da injiniyanci za su haɗu da LaTeX, wato tsarin shirya rubutu mai ɗauke da alamomin lissafi. A cikin manhajojin rubuta shi, Overleaf ta fi sauƙin farawa, sai dai a intanet take aiki, don haka ku haɗa da TeXstudio a kwamfutarku. Masu nazarin alƙaluma kuma, maimakon manhajar SPSS mai tsada, akwai R da JASP da jamovi, duk kyauta.

Wanda bincikensa ya shafi Hausa ya sauke Keyman, domin ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai. Kafin ku dawo gida aikin tattara bayanai, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa kuma kuɗin data ba kaɗan ba ne, ku kwafe dukkan waɗannan manhajoji da muƙalunku a filashi biyu, ɗaya a jaka, ɗaya a aljihu.