Kurakuran da ake yi wajen cire soson kafet da ya manne a daɓen jan bulo

Bayan ƙaramar sallah muka ɗaga kafet ɗin falon Hajiya a Ƙofar Ƙaura, ya fi shekara 6 a shimfiɗe, sai ga soson nan da ake sawa a ƙarƙashi ya kama daɓe gam, wani wajen ya zama gari kamar ƙuli-ƙuli, wani wajen kuma danƙo, ka taka takalminka ya tsaya. Zafin Katsina ne, watan Afrilu da Mayu sai ya haura digiri 40, roba ta yi ta narkewa tana daskarewa har ta shige ƙofofin bulo. To abun da mutane ke mantawa kenan, jan bulo ba tayil bane, yumɓu ne gasasshe, yana shan ruwa kamar sabuwar randa, duk abun da ka zuba mishi sai ya tsotse.

Shi yasa fetur ko kananzir shine babbar ɓarnar. Ƙanina ne ya fara, kafin in dawo daga kasuwa ya juye rabin gora a lungu, wai wani mai gyaran mashin ne ya ce mishi haka ake yi. Eh robar ta narke, amma ina ta je? Cikin bulon ta shige, ta bar baƙin tabo mai faɗin faifai wanda har yau yana nan, ga wari kwana huɗu, Hajiya ta hana a kunna risho ko a hura gawayi kusa da wajen, kuma gaskiyarta, tururin fetur a rufaffen ɗaki ashana ɗaya yake jira. In dai aikin gama ya gama an riga an zuba, a buɗe tagogi, a barbaɗa garin katako ko toka mai yawa ta kwana tana zuƙa, a share, a sake, zai rage amma kar a sa rai zai tafi duka. Man gyaɗa da baƙin mai ma haka, a tayil suna ɗaga danƙo, a bulo tabo ne na dindindin.

Sai masu wuƙa da burushin ƙarfe. Fuskar bulo ita ce mai ƙwari, in ka kankare ta cikin ya fito, gobe datti ya fi kama wajen, kuma burushin waya yana barin ɓurɓushin ƙarfe da zai yi tsatsa da zarar ya ga ruwa. Ni da abun kankara na roba na yi, irin wanda masu fenti ke shafa foti da shi, wanda bai da shi ko tsohon katin ATM ya isa, sai burushin wanki mai tauri. Kuma a bushe ake farawa, wannan ne mutane basu da haƙurin shi, suna gani sai bokiti. Ka kankare a bushe ka share tas tukuna, fiye da rabin aikin anan yake fita.

Inda yake danƙo kuwa ƙanƙara na siyo ta ɗari biyu, na ƙulle a leda na ɗora minti goma, ya yi tauri ya riƙa ɓallewa da kanshi. Abun da ya rage sai ruwan zafi da omo, ka jiƙa tsumma ka rufe wajen kamar minti ashirin, ka goge da burushi, ka tsane da busasshen tsumma nan take, ɗan waje ɗan waje, ba wai ka malale falon gaba ɗaya ba. Ruwa in ya yi yawa bulo ya sha, bayan kwana biyu zaka ga wani farin abu kamar kanwa ya feso, gishirin cikin bulo da siminti ne, shi ma kar a bi shi da ruwa, a bari ya bushe a share da burushi.

Asid kuma dan Allah a rabu da shi, ko na batir ko wanda masu tayil ke wanke siminti da shi. Ba shi ne maganin robar ba, simintin tsakanin bulo yake ci. Mata kuma masu haɗa Hypo da Harpic wai don ya fi ƙarfi, wannan haɗin iskar kulorin yake fitarwa, tana ƙona ido da ƙirji, yayata ta taɓa gwadawa a banɗaki da ƙyar ta fito tana tari.

In akwai ɗan maiƙon da ya ƙi fita, sifirit na kemis a jikin tsumma, ba a ƙasa ba, kuma a fara gwadawa a bayan ƙofa inda ba mai gani.

Da muka gama Hajiya ta ce a maida kafet a ranar saboda baƙi, na ce Hajiya ki yi haƙuri a bashi kwana uku da fanka, in aka rufe da danshi wari ne da fumfuna. Ta ce to, amma wannan soson kar ya sake shigo mata gida. Tabarmar kaba muka shimfiɗa a ƙarƙashi, kujera mai zaman mutum uku kuma aka ja ta kan tabon ƙanina.